Wai Ɗan Maraya Maroƙi Ne?

Jama'a, abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne yadda har yau wasu ke taɓe baki in an ambaci Ɗan Maraya Jos, su ce ai maroƙi ne. Haba! Wane irin roƙo?

An haifi Adamu a Bukuru a 1946, ya tashi ba uwa ba uba, a hannun sarkin garin. Da fada ya so, ai ƙofa a buɗe take, tunda mahaifinsa makaɗin fada ne. Amma sai ya rungumi kuntigi, ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tak, ya yi wa karen mota waƙa. To, nawa ne a aljihun karen mota da za a roƙe shi?

Ku koma ku saurari "Jawabin Aure" da "Auren Dole". Ya faɗa wa iyaye gaskiya ƙiri-ƙiri kan aurar da yarinya ga wanda ba ta so. Maganar da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano da ita ke nan. Su an kira su marubuta, shi kuwa maroƙi?

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Yau yaro ya ɗauki kuntigi, dangi ne farkon masu cewa ya zubar masu da mutunci. In kuntigi ya ɓace, kada a ɗora wa zamani. Raininmu ne ya kashe shi.

Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, amin.