Raƙumi a Hoto, Ɗanki a Ina?

Wataƙila kin taɓa cin karo da hotunan nan marasa launi, baƙi da fari, na kasuwar raƙuma da faɗuwar rana. Da yawansu daga Pushkar ne, wani gari a jihar Rajasthan ta Indiya, inda ake bikin cinikin raƙuma duk shekara wajen Oktoba ko Nuwamba. Tozo da dogon wuya sun zama inuwa, ƙura na tashi, ga yaro riƙe da akala. Sai dai ba wanda ya san sunan yaron, don baƙo ne ya ɗauka ya wuce.

Mu ma muna da abin ɗauka. Kasuwar Maigatari a Jigawa na cika da raƙuma duk Alhamis. Nan Rano da Kibiya kuwa, in kaka ta yi akan ga Buzaye da raƙumansu a bakin gonaki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ayari ya fara ja da baya, yau mota ta karɓe mafi yawan dakon. Jikokinki ba lallai su ga abin da ɗanki ke gani ba.

Wayar hannunki ta isa. Ki fita kamar rabin awa kafin magariba, yadda yara za su shige gida kafin kiran salla. Ki tsaya yadda rana za ta kasance bayan raƙumin, ki taɓa wuri mafi haske a fuskar wayar, sai jikinsa ya yi duhu, siffarsa ta fito. Daga baya ki mayar da hoton baƙi da fari. Hazon hunturu da ke dusashe launi, a nan ado yake zama.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga jan kunne. Ki nemi izinin mai raƙumi tukuna. Kada yaro ya matsa kusa da bakinsa ko ƙafafunsa. Amale kan yi faɗa a lokacin sanyi, cizonsa kuma na iya karya ƙashi. In an ba ku nonon taguwa, a tafasa shi, domin ɗanyensa na iya kawo zazzaɓin da ke daɗewa a jiki.

Sannan kada hoton ya kwana a waya kaɗai. Waya na faɗawa ruwa, ana sacewa, shekarun yarinta su tafi tare da ita. Ki kai a wanke miki ko da guda biyu, ki rubuta a baya: sunan yaro, sunan gari, shekara. Hotunan kakanninmu da ke cikin akwati sun kai gare mu ne don takarda ce ta riƙe su.

Akwai tsohon hoto a ɗakinki? Waye a ciki, kuma wa ya gaya miki sunansa? Ina sauraronki. Allah ya raya mana zuri'a.