Noman Buhu: Abin da Maiduguri ke Bukata Daga Abuja

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ya daina kai ƙaramin ma'aikaci ƙarshen wata, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai cike giɓin ba. A Maiduguri abin ya fi tsanani, domin rikicin Boko Haram ya raba dubban manoma da gonakinsu, sannan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 ta cinye dukiyar jama'a.

Shi ya sa noman buhu ya cancanci kulawar hukuma. Buhu ɗaya da aka cika da ƙasa da taki yana fitar da alayyafo ko yakuwa a barandar gidan haya, ruwan wankin shinkafa kuma ya taimaka wajen ban ruwa. Idan tumatir ya yi araha da sanyi, a shanya kauɗa domin damina.

Wannan ba madadin albashi mai kyau ba ne, kada gwamnati ta fake da shi. Sai dai wajibi ne Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta haɗa hannu da Jami'ar Maiduguri wajen raba iri da horar da mazauna birni, tun kafin rani ya kama.