Kada ka yar da tsohuwar kwamfutarka

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariya kyauta. Windows 11 kuma ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa, domin tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0. In ka je shago, ce maka za a yi ka sayi sabuwa. Shawarata ga mai kwamfuta a Batsari ko Safana ita ce ya dakata tukuna.

Waɗanda suka daɗe da sha'awar kwamfuta sun san ba a rana ɗaya ake gina ta ba. Bana a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, sai ka ga na'urar da ke jan ƙafa ta farka. Baɗi a ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8. In batir ya mutu a sauya shi, bayan hunturu a buɗe ta a kakkaɓe ƙura. Wadda Windows 11 ta ƙi, Linux Mint na karɓarta kyauta. Duk wannan bai kai kuɗin sabuwa ba.

Wani zai ce ai waya ta wadatar. Mu tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Sai a Disamba aka fara maidowa. A watannin nan, abin da mutum ya ajiye a na'urarsa shi ne nasa. Littattafai, darussa, har Wikipedia ta manhajar Kiwix, duk ana buɗe su ba intanet.

Ga kuma yaranmu. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta a kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, tambayoyi da na'ura ne za su haɗu su kayar da shi.

Gaskiya ne, wutar lantarki ba tabbas. Shi ya sa ƙaramin faifan sola da batir suka cancanci shiga gaban kowane gyara.

Don haka kafin ka sayar da ita a wulaƙance, kai ta wurin mai gyara ya duba. In ma ka samu halin sabuwa, miƙa tsohuwar ga ƙanenka ko ɗan maƙwabci, ka zauna ka koya masa.