Shawarar Wata: Gyaran Akwatin Wuta

Ƴan uwa manoma da makiyayan Tagriss masu farantin hasken rana, ku duba akwatin wutarku kamin iskar hunturu. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗakin kara da rumbun hatsi.

A fara cire wayar faranti, sannan ta batir. Ja da baƙa kada su taɓa juna. Wayar da kusu ya ci a sake ta, kada a naɗe da leda. Siririya tana zafi, a sa mai kauri. A sa fis a jar waya kusa da batir, don ya tsinke wuta in ta yi yawa. In ya ƙone a sayo sabo, kada a cusa ƙarfe.

Wutar NIGELEC kuwa bolt 220 ce, tana kisa. Ita sai mai sana'ar lantarki.