Garanti ko yawan ma'adana: Wanne ya kamata mai sayen laftof ya fifita?

A kasuwar Farm Centre da ke Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, abin da mai shago ke fara nuna wa mai saye shi ne girman ma'adana: wannan 256GB ce, waccan 512GB, ga mai 1TB. Maganar garanti kuwa sai an zo biyan kuɗi take tasowa, idan ma ta taso. Wannan lissafi a juye yake. Ga mafi yawan ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, garanti na gaskiya ya fi ƙarin ma'adana amfani.

Ma'adana abu ne da ake iya ƙarawa daga baya. Yawancin laftof ɗin HP da Dell da Lenovo na aikin ofis suna zuwa da SSD da ake iya cirewa a sa mafi girma, aikin da mai gyara ke gamawa a zama ɗaya. Wanda bai son a buɗe masa kwamfuta yana iya sayen ma'adanar waje ta USB, ga kuma 15GB da Google ke bayarwa kyauta. Amma idan babban allon cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke kira bod, ya mutu a wata na biyar, babu wata dabara mai araha. Kuɗin canza shi kan kusa kai kuɗin wata kwamfutar ta hannu. A nan ne garantin shekara ɗaya da kamfanoni ke bayarwa a kan sabuwa yake biyan kansa.

Mutane da dama kuma suna sayen sararin da ba za su taɓa cikawa ba. Windows 11 na neman akalla 64GB. Ma'adana mai 256GB za ta nuna kusan 238GB a fuskar kwamfuta, kuma ko an cire rabon Windows da manhajoji, abin da ya rage ya ishi mai aikin Word da Excel da karatun PDF na shekaru.

Sai dai ba kowane garanti ne garanti ba. Kwamfutar da aka shigo da ita daga Ingila ko Amurka bayan an yi amfani da ita, sau da yawa wa'adin kamfaninta ya riga ya ƙare, abin da ya rage shi ne alƙawarin mai shago na mako ɗaya ko biyu. Ko sabuwa ce, wani garantin yana aiki ne kawai a ƙasa ko yankin da aka fara sayar da ita. Don haka kafin a miƙa kuɗi, ya kamata mai saye ya shigar da lambar siriyal a shafin kamfanin, ko Service Tag idan Dell ce, ya ga ranar da wa'adin zai ƙare. Ya tambayi inda cibiyar gyaran da kamfanin ya amince da ita take, sannan ya karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba. Garantin da ba a rubuta ba, ranar rigima ba shi da shaida.

Haka kuma garantin da aka saba bayarwa na lahanin masana'anta ne. Bai shafi faɗuwa ko zubar shayi a kan madannai ba, kuma galibi bai shafi ɓarnar da wutar lantarki ta yi ba, abin da ya fi damun mai amfani da janareta. Bai kuma dawo da fayil ko ɗaya ba. Ɗalibin da rubutun digirinsa ke wuri guda yana cikin haɗari, ko da garantinsa na shekara uku ne.

Masu fifita ma'adana suna da gaskiya a wurare biyu. Na farko, inda aka liƙe ma'adanar da bod. MacBook masu M1 da Apple ya fara fitarwa a 2020 da waɗanda suka biyo baya ba a ƙara musu SSD a ciki, haka nan ƙananan laftof masu araha da ke zuwa da eMMC mai 64GB. A irin waɗannan, abin da aka saya ranar farko da shi za a zauna. Na biyu, masu tace bidiyo da masu ɗaukar hoton biki, waɗanda aikin mako guda ke iya cinye musu 256GB.

Ga sauran jama'a, tambaya biyu ta isa a bakin shago: wannan ma'adana ana iya canza ta, kuma idan kwamfutar ta lalace wa zai gyara, a wane gari? Idan mai shago ya amsa duka biyun a rubuce, mai 256GB da garanti ta fi mai 1TB da babu mai tsaya mata.