RA'AYINMU: Kek ɗin Sarakuna da Fanken Talata

Wasu matasanmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni sun ga hoton wani kek mai launi uku a Facebook, suna so a riƙa yinsa a Ikilisiya. Wasu dattawa kuwa sun ce faufau, wai bidi'a ce. Kafin gardama ta yi nisa, ya kamata jama'a su san abin da ake magana a kai.

Ana kiransa kek ɗin sarakuna. Ana fara cinsa ran 6 ga Janairu, wato Idin Bayyanuwa, don tunawa da masana taurari da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur, kamar yadda Matiyu sura 2 ta nuna. A birnin Niyu Olins na Amurka ana ci gaba da ci har Talatar da ke gaban Laraba ta Toka, ranar da suke rufe shagulgulansu na Mardi Gras. Zagayayye ne kamar kambin sarki. Launukansa, shunayya da kore da ruwan zinariya, ƙungiyar Rex ce ta zo da su a 1872, a 1892 kuma aka ba su ma'anar adalci da bangaskiya da iko.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ake ɓoyewa a ciki. A Faransa a dā ƙwayar wake ce; a Amurka ɗan mutum-mutumin jariri ne, wanda da yawa ke ɗauka alamar Yesu ce. Wanda ya tsince shi a rabonsa ya zama sarkin ranar. To, amma sarautar da ɗawainiya take zuwa, domin shi zai kawo kek na gaba. A Meziko ma shi zai ciyar da jama'a ran 2 ga Fabrairu. Sarkin da aikinsa ciyar da mutane ne, ai wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Bishara.

Dattawa suna da hujja. Masana da dama na danganta zaɓen sarki da wake ga bikin Satunaliya na Romawa, kuma shaye-shayen Mardi Gras ba abin koyi ba ne. Sai dai ba a ƙin tuwo don wani ya ci shi da maye.

Matasa kuma su yi lissafi. Iyali nawa ne za su iya sayen fulawa da bota da ƙwai da sukari a kasuwar Tarauni, makonni kaɗan bayan kashe-kashen kuɗin Kirsimeti da kuɗin makaranta? Alhali muna da namu. Fanken da ake soyawa a bakin hanyar Zariya ya aro sunansa ne daga wainar da Turawan Ingila ke yi a wannan Talatar, don su ƙarar da ƙwai da madara da mai kafin azumin kwana 40.

Shawararmu ita ce zumuntar mata ta soya fanke ranar Talatar. A ɗaure ƙwayar wake a ƙasan faranti ɗaya, ba cikin fanken ba, saboda yara. Gidan da ya samu shi zai karɓi addu'ar gida ta farko a azumi. A kuma ware kwano don maƙwabta Musulmi da ke aiko mana da naman layya, yara su kai kafin magariba.