Tayin Ɗakin Sama A Jirgin Ruwa

Tsofaffinmu da suka je Ingila karatu kafin jirgin sama ya zama na kowa suna tunawa da wani jirgin ruwa mai suna Aureol, na kamfanin Elder Dempster. Daga 1951 zuwa 1974 ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ingila da Ikko, tafiyar kusan mako biyu. A cikinsa akwai aji na ɗaya, akwai na ƙasa da shi, kowa da wurin cin abincinsa. Wannan zamani ya wuce. Yau masu shiga manyan jiragen ruwa yawancinsu yawon hutawa suke yi. Jirgi ya tashi daga Basalona ko Mayami, ya zaga mako guda yana tsayawa gari gari, sa'an nan ya komo inda ya tashi. Waɗansu jiragen kuwa gari ne sosai. Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar mutane a Janairu 2024, tsawonsa kamar mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan shafin iyali da wannan? To, gidaje da yawa cikinmu suna da ɗa ko 'ya a Ingila, ko Amurka, ko Kanada. Sukan kira iyaye su zo ganin jikoki, wani lokaci kuma su haɗa kuɗi su saya musu irin wannan yawo, don murnar cika shekara arba'in da aure ko barin aiki. An biya, an zaɓi ɗaki, an sami biza da ƙyar. Sai ana saura 'yan makonni, wasiƙa ta shigo ta intanet daga kamfanin jirgin, tana cewa akwai ɗaki mafi kyau, in an ƙara kuɗi kaɗan. Yaro ya buga waya ya ce, "Baba, in karɓa?" Baba kuwa, saboda kunya, ya ce, "Duk yadda ka gani, ɗana." Wannan amsa ba ta taimaki kowa ba. Yaron zai ga kamar in bai ƙara ba ya yi wa iyayensa rowa, iyayen kuma su ne za su kwana bakwai a ɗakin da ba su yi shawararsa ba.

Ɗakunan jirgi iri huɗu ne. Akwai na ciki, wanda ba shi da taga ko kaɗan, shi ne mafi araha. Akwai mai taga, amma tagar ba a buɗe ta. Akwai mai baranda, inda za ka buɗe ƙofar gilashi ka fita ka zauna kana kallon teku. Sa'an nan akwai babban ɗaki mai falo, na masu hannu da shuni. Abin da ya kamata a sani tun da fari shi ne, a yawancin jiragen yau mai ɗakin ciki da mai baranda tebur ɗaya suke ci, wasa ɗaya suke kallo da dare, gari ɗaya suke sauka. Ba kamar zamanin Aureol ba. Sai masu babban ɗaki ne a waɗansu kamfanoni, kamar MSC da Norwegian da Cunard, suke da wurin cinsu dabam. Saboda haka wanda ya tashi daga ɗakin ciki zuwa mai baranda, haske da iska ya saya, da 'yar farfajiya mai kujera biyu. Sauran duka yana da su tun dā.

Me ya sa kamfani yake yin wannan tayi? Ku tuna da mai tumatir da la'asar ranar kasuwa. Ɗakin da jirgi ya tashi da shi ba kowa, ya lalace ke nan, ba a sayar da shi gobe. Ɗaki mai tsada kuwa ya fi wuyar samun mai saye a ƙurarren lokaci. Sai su matsa da kai sama, su karɓi ɗan ƙari a hannunka, su sayar da ɗakinka mai araha ga wani. Ba zamba ba ce, ciniki ne. Amma mai ciniki ya san ribarsa kafin ya buɗe baki, ya kamata kai ma ka san taka.

Yawancin manyan kamfanoni yanzu gwanjo suke yi. Royal Caribbean suna kiran nasu RoyalUp, Norwegian suna kiran nasu Upgrade Advantage, Celebrity kuma MoveUp. Kai ne za ka taya, tsakanin ƙaramin kuɗi da babba da suka yanka, har da wani ma'auni da ke nuna maka wai tayinka mai rauni ne ko mai ƙarfi. Kada wannan ma'auni ya tsorata ka, mai kaya ne ya ƙera shi. Amma gwanjon ya bambanta da na kasuwarmu ta hanyoyin da suke da nauyi. A kasuwa in mai kaya ya ce ya sallama, kana iya duba kayan tukuna. A nan, da zarar sun karɓi tayinka sai su cire kuɗin daga katinka, ba a mayarwa, ɗakinka na dā kuma ya tafi. Kafin su karɓa kana iya janyewa ko ka sāke, bayan haka babu. Amsar tana iya zuwa ana saura kwana biyu tashi. Kuma kuɗin da ka taya na mutum ɗaya ne, za a ninka shi biyu, ko da kai kaɗai ne a ɗakin.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji biyar. A ce an taya dala 150. Na mata da miji ya zama 300. A raba da kwana 7, ya kama kusan dala 43 kowane dare. Wannan ita ce lambar da za a duba, ba 150 ba. In babban ɗaki mai falo ne, akwai wani ƙari a ɓoye, domin tukuicin ma'aikata da kamfani yake ɗorawa kullum yana ƙaruwa. A ƙarshen 2024 Royal Caribbean sun sa dala 18.50 a rana kan kowane mutum a ɗakunan da aka saba, da dala 21 a manyan ɗakuna. Kafin a taya kome kuma, a duba nawa ake sayar da ɗakin nan kai tsaye a ranar, ko a tambayi wakilin da ya yanki tikiti. Wani lokaci farashi ya riga ya faɗi, har bambancin bai kai abin da za ka taya ba, ga shi kuwa in ka saya kai tsaye kai ne za ka zaɓi lambar ɗakinka.

Wannan zaɓen lamba shi ne zuciyar maganar, a nan za mu daɗe. Wanda ya ci gwanjo ba shi yake zaɓen inda ɗakin yake ba, kamfani ne. Ɗakunan da suka rage har ƙarshe kuwa, da akwai dalilin da ya sa suka rage. Jirgi a kan raƙuman ruwa kamar katakon lilo na yara yake, tsakiya ba ta motsi ƙwarai, bakin nan da bakin can su ne suke hawa da sauka. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa shi ne mafi kwanciyar hankali. Ɗakin da ke can gaba a hawa na sama shi ne ya fi girgiza, ko da ya fi tsada. Mutumin da ya girma a Zariya ko Jos, wanda babban ruwan da ya taɓa hayewa shi ne Binuwai a kwalekwale, bai san yadda cikinsa zai yi da teku ba tukuna. Amma in Mama takan yi amai a mota tsakanin Kafanchan da Akwanga, an riga an sami amsa. In jirgin zai tashi daga Sawthamton ya bi ta mashigin Biskay, wanda ya yi suna wajen hauka, to, ɗakin ciki na tsakiya da yaro ya zaɓa da hankalinsa ya fi baranda a goshin jirgi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma maƙwabta. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin iyo, tun da asuba za a ji ma'aikata suna jan kujeru a kansa. Wanda ke bisa ɗakin kiɗa ba barci sai tsakar dare ta wuce. Waɗansu tagogi da baranda kuma kwalekwalen ceto ne ya tare su, ka biya kuɗin ganin teku ka sami ganin bayan kwalekwale. Dabarar da masu yawan tafiya suke bi mai sauƙi ce, su nemi ɗakin da ke da ɗakunan kwana a samansa da ƙarƙashinsa. Taswirar kowane hawa tana shafin kamfanin a intanet, yaro yana iya dubawa cikin minti goma. Sa'an nan a tuna da tsawon jirgi. Mita 300 ta fi filin ƙwallo biyu da rabi. Tsohon da gwiwa ke damunsa, in aka kai shi ƙarshen lungu nesa da na'urar hawa bene, zai yi wannan tafiya sau shida a yini. In kuwa an riga an ba shi ɗakin naƙasassu, mai faɗin ƙofa da makewayi marar tudu, kada a taɓa shi ko da kyauta ne.

In iyali ne gaba ɗaya, da ɗakin iyaye kusa da na 'ya'ya da jikoki, ko masu ƙofa a tsakani, gwanjo yana iya raba su hawa uku ko huɗu. Wannan ya wuce maganar hira. Kowane ɗaki yana da wurin taruwarsa in hatsari ya auku, ɗakunan da ke nesa da juna kuwa sau da yawa wurin taruwarsu dabam dabam ne. Bayan da Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya ran 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka mutu, aka tsananta doka, yanzu ana nuna wa fasinja wurin taruwarsu kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa nan take. Irin wannan hatsari ba safai yake faruwa ba, kada ya hana kowa tafiya. Amma tsohuwar da Turancin lasifika yake yi mata sauri, gara a ce ɗanta yana ƙofa ta gaba. Masu ƙananan jikoki kuma su tuna baranda tana bukatar ido. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen jirgi kada ya gaza inci 42, amma yaro mai shekara huɗu ya san amfanin kujera.

Kada a ɗauka muna cewa a ƙi kowane tayi. Akwai tafiyar da baranda ta cancanci kuɗinta har da gyara. A Alaska, ko a mashigan duwatsu na Nowe irin su Geiranger, abin kallon yana wucewa ta ƙofarka ne yini guda, dutse da ƙanƙara da ruwa mai gangarowa. Wanda ba ya iya tsayuwa cikin taro a saman jirgi zai zauna da bargonsa da shayinsa ya gani duka. Haka kuma ƙetare Atlantika a Queen Mary 2, kwana bakwai daga Sawthamton zuwa Niyu Yok ba tsayawa, ɗaki ne gidanka. Amma zagayen Bahar Rum wani abu ne dabam. Yau Marsai, gobe Jenowa, jibi tashar Cibitabekiya inda za a shiga mota kusan kilomita 80 zuwa Roma. An fita da safe, an komo da yamma ƙafa ta kumbura, an ci abinci, an kwanta. Sau da yawa yini ɗaya ne kaɗai ake yi a teku. Barandar tana nan tana jiran mai ita, shi kuwa yana minshari.

Abu guda da muke gani ya isa a biya dominsa shi ne taga, in bambancin kaɗan ne. Mutanenmu da rana suke tashi. Ɗakin ciki da an kashe fitila duhu ne ƙirin, ƙarfe shida na safe da tsakar dare ɗaya ne. Waɗansu suna son haka, sun ce ba su taɓa barci mai daɗi irinsa ba. Waɗansu kuwa sai ƙirjinsu ya cushe, su ji kamar an kulle su a rumbu. Mai gida ya san matarsa, ita ma ta san shi. Su biyun su zauna su faɗa wa yaron gaskiya, ko kunya ta ce a yi shiru. "Ɗana, uwarka ba ta son ɗaki marar taga" magana ce da zai yi murna da ji. Haka ma "Bar shi, mu masu yawo ne, sa kuɗin a wani wuri."

Wani wurin kuwa yana nan. Likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, kuɗinsa da tsada, in kuma ciwo ya kai a sauke mutum a wata ƙasa, abin ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Inshorar tafiya mai ɗauke da magani ga mai shekara saba'in ita ce ta fari, tun kafin a yi zancen baranda. Bayanta sai kuɗin motocin zagaya gari a kowace tasha, domin ba sa cikin kuɗin tikiti, dala 300 ɗin nan kuwa tana iya kai mutum biyu su ga Roma, su ga kangon Pompeii.

Saura tayi na kyauta. Wani lokaci kamfani yakan matsa da mutum zuwa ɗakin da a littafinsu ya fi daraja, ba tare da ya tambaye shi ba, kuma komawa yana da wuya domin an riga an ba wani nasa. Daraja a littafin kamfani tana iya zama hawa na goma sha biyu a can gaba. Wanda ya zaɓi ɗakinsa da dalili, saboda jiri, ko gwiwa, ko kusa da jikoki, sai ya gaya wa wakilin tikiti tun ranar biya ya rubuta a takardarsa cewa ba ya son canji. In ɗaki biyu ne na iyali ɗaya, a sa ya haɗa lambobin takardun biyu, a rubuta wannan a kan kowacce.